Rage Ƙiba Sannu A Hankali: Koyarwar Sunna Da Shawarar Likitoci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ba ɗan Adam jiki amana, ya hore masa abinci da abin sha na tudu da na ruwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako yana magana ne a kan ƙiba, da hanyar da Musulmi zai bi ya rage ta ba tare da ya cuci kansa ba. An ɗauki misalin daga ƙasar Yawuri, musamman Warra da garuruwan bakin tafkin Kainji, domin a can ana iya ganin yadda zaman mutane ya sauya a cikin rayuwar mutum guda.

An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya shafe tsibirai da garuruwa masu yawa, aka sake wa mutane kimanin 44,000 matsuguni. Kafin wannan lokaci, har ma da shekarun da suka biyo baya, Bagunge yakan yini yana ɗibar ruwa da ƙwarya yana shayar da albasarsa, Basarke yakan kwana yana tuƙin kwalekwale da ƙarfin damtse yana jan taru, mace kuwa surfe da daka da niƙa duk da hannunta take yi, kana ta ɗauki kaya a ka ta taka zuwa kasuwa. Yanzu injin ban-ruwa ya karɓi aikin ƙwarya, an ɗaura wa jirage inji, injin niƙa ya hutar da turmi, ɗan kabu-kabu kuma yana jira a bakin hanya. Waɗannan duk ni'imomi ne da suka wajabta godiya. Sai dai akushin da aka saba cinyewa a zamanin taru da turmi bai ragu ba, ya ma sami ƙarin sukari da soye-soye da lemon kwalba. To, abin da ya shiga ciki bai sami aikin da zai ƙone shi ba, jiki yakan mayar da shi kitse ya ajiye. Shi ya sa ake ganin teɓa ta fi kama dillalin kifi da mai kanti da ma'aikacin ofis da uwargidan da ta sami hutu, ta ƙyale wanda har yanzu yake cikin fadama.

Lamarin bai tsaya ga ƙasar Yawuri ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima, kuma yawan manya masu irin wannan ƙiba ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990.

Matsayin Ƙiba A Shari'a

Da farko ya kamata a san cewa ƙiba ita kanta ba zunubi ba ce. Akwai wanda ya gaje ta, akwai wanda wata cuta ko wani magani ya jawo masa ita, akwai macen da haihuwa ta bar mata. Suratul Hujurati, aya ta 11, ta hana muminai yi wa juna izgili da jifan juna da miyagun laƙabobi, saboda haka babu halin a mai da mai ƙiba abin dariya. Abin da shari'a ta yi magana a kansa shi ne almubazzaranci a ci da sha. Aya ta 31 ta Suratul A'arafi ta halatta ci da sha, ta hana wuce iyaka, ta kuma sanar cewa Allah ba ya son masu wuce iyaka.

Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Imrana ɗan Husaini cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi ƙarnonin farko, sa'an nan ya siffanta waɗansu mutane da za su zo a baya, masu ha'inci da rashin cika alwashi, ya ambaci bayyanar ƙiba a cikinsu. Imamu Nawawi ya yi bayani a sharhinsa na Muslimu cewa wanda ake zargi shi ne wanda ya nemo ƙibar da kansa ta hanyar wuce kima a ci da sha, ban da wanda aka halitta haka.

Wannan bayani yana da amfani a ƙasar da ake ɗaukar tumbi alamar arziki, ake ɗaukar ƙibar mace shaidar cewa mijinta yana riƙonta da kyau. Saboda wannan zato har akwai matan da ke shan ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe. Waɗansu daga cikin ƙwayoyin magunguna ne masu ƙarfi da aka yi domin waɗansu cututtuka dabam, wanda ya daɗe yana shansu ba bisa umarnin likita ba yakan gamu da hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi, fuska ta kumbura a zaci lafiya ce.

Illar ƙiba mai yawa sananniya ce ga likitoci: tana buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, tana cinye gwiwa, tana toshe numfashi a cikin barci. Ga mai ibada kuwa asarar ta fi haka, domin gwiwar da ta lalace ita ce ke mayar da mutum salla a kan kujera tun bai tsufa ba, ita ce ke sa ɗawafi da sa'ayi su gagare shi bayan ya yi shekaru yana tara kuɗin kujerar Makka. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa lafiya da samun sarari ni'imomi ne biyu da mutane da yawa suke tafka hasara a kansu.

Ma'aunin Ciki Da Ma'aunin Jiki

Ma'aunin da Sunna ta ajiye yana cikin hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikariba, wanda Tirmizi da Ibnu Maja suka ruwaito. Ma'anarsa ita ce babu mazubin da ɗan Adam ke cikawa da ya fi cikinsa sharri, 'yan lomomin da za su tsayar da bayansa sun ishe shi, in kuwa lalle sai ya ƙara, to, ya kasa cikin kashi uku: ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya tarar da wannan kaso a babin ci da sha, an lissafa shi cikin ladubban cin abinci. Ibnul Ƙayyimi, wanda ya rasu a 751 bayan hijira, ya ce a cikin Zadul Ma'adi abinci hawa uku ne: na buƙata, da na isa, da na rara. Ya kuma nuna cewa ƙoshi na jefi-jefi ba laifi ba ne, domin Abu Huraira ya sha madara a gaban Annabi har ya rasa inda zai zuba, abin da ke cutarwa shi ne a mayar da cika tumbi al'adar kullum.

Likitoci su ma suna da nasu ma'auni. Ana auna nauyin mutum da kilo, a raba shi da tsawonsa na mita wanda aka ninka da kansa. In sakamakon ya kai 25, nauyi ya fara yawa. In ya kai 30, ƙiba ta wuce kima. Misali, mai tsawon mita 1.70 yakan shiga sahun farko in ya wuce kilo 72, ya shiga na biyu in ya kai kilo 87. Wanda ba shi da sikeli kuwa igiya ta ishe shi: ya yanki igiya daidai tsawonsa, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita wajen saitin cibiya. In ba ta haɗe ba, kitsen ciki ya yi yawa, shi ne kuwa kitsen da ya fi kowanne haɗari.

Sannu Ba Ta Hana Zuwa

Mafi yawan masu niyyar rage ƙiba a nan suke tuntuɓe. Mutum yakan ji tsoro bayan an auna jininsa, ya yanke abinci gaba ɗaya, ya yi mako biyu yana shan ruwan zafi da lemon tsami, jiri ya ɗebe shi, ya koma wa akushi da haushi, ƙibar ta dawo har da riba.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan hijira, watau 1111, ya yi maganar wannan a cikin Ihya'u Ulumid Dini, a littafin da ya keɓe ga karya sha'awar ciki da ta farji. Ya nuna cewa wanda ya saba cin abinci da yawa, in ya koma ga kaɗan a tashi ɗaya, jikinsa ba zai ɗauka ba, zai raunana, wahalar ta yi masa yawa. Sai ya ba da misali da mai cin gurasa biyu da ke son komawa ga guda: kullum ya rage kashi ɗaya cikin 28 ko cikin 30 na gurasa, a cikin wata guda zai iske kansa a kan gurasa ɗaya ba tare da ya cutu ba. Manufar Gazali tarbiyyar zuciya ce, amma dabarar ta dace da jiki. Mai cin malmala uku ta tuwon shinkafa da dare ba a ce ya wayi gari ya koma ɗaya ba. Ya gutsire loma guda yau ya ajiye, gobe loma biyu, har wata ya ƙare yana kan malmala biyu cikin bai yi ƙara ba.

Asalin wannan yana cikin hadisin Nana A'isha da Buhari da Muslimu suka ruwaito, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Haka kuma lokacin da Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya ɗauki azumin kullum da tsayuwar dare duka, Annabi ya hana shi, ya tunatar da shi cewa jikinsa yana da hakki a kansa, idonsa yana da hakki, iyalinsa ma haka. In an hana mutum gallaza wa jikinsa da sunan ibada, to, gallaza masa domin a ga rama cikin gaggawa ya fi cancantar hani.

Likitoci sun tsaya a kan cewa ragin rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne mai aminci. Dalili kuwa shi ne, kilon da ke zubewa da sauri a kwanakin farko yawancinsa ruwa ne. In yunwa ta yi tsanani jiki yakan ci naman tsokarsa tare da kitsen, ya rage yawan abin da yake ƙonawa, ya ƙara wa mutum kwaɗayi. Saurin rama kuma yana iya haifar da tsakuwa a maɗaciya.

Ba a kuma bukatar mutum ya koma kamar sanda kafin ya ga amfani. A Amurka an yi wani bincike da mutane 3,234 waɗanda ke bakin kamuwa da ciwon sukari, aka buga sakamakonsa a 2002. An nemi wani rukuni daga cikinsu su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma riƙa motsa jiki na minti 150 a mako. Cikin kusan shekara uku, kamuwa da ciwon a wannan rukuni ta ragu da kashi 58 cikin 100 in an gwada da waɗanda ba a sa su a wannan tsari ba. Ga mai kilo 90, kashi 7 ɗin nan bai wuce kilo 6 da 'yan kai ba, abin da rabin kilo a mako zai kawar a cikin wata uku. Wani bincike na 2005 ya nuna cewa kowane kilo ɗaya da mutum ya sauke yana rage wa gwiwa nauyin kimanin kilo huɗu a kowane taku.

Abincin Bakin Tafki

Mutumin Warra ko Yelwa ko Shanga ba ya bukatar abincin kanti domin wannan aiki, abin da yake nema yana kasuwarsa. Kifi, ko karfasa ko tarwaɗa ko giwan ruwa, yana gina jiki yana kuma riƙe ciki, muddin an gasa shi ko an yi farfesunsa ko an sa banda a miya. Inda ake ɓata shi shi ne a kaskon suya. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, watau ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa, alhali giram ɗaya na tsaba ko sukari 4 yake ɗauke da shi. Babban cokali guda na man gyaɗa ko man ja ya kai kalori 120. Ragin kalori 500 a yini kuwa shi ne ke kawo ragin kusan rabin kilo a mako. Saboda haka uwargidan da ta daina tsiyaya mai daga kwalba ta koma aunawa da cokali ta yi wa gidanta rabin aikin.

Na biyu shi ne sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci a yini, watau kimanin ƙaramin cokali 12 ga babba. Kwalbar lemo ɗaya ta santilita 35 takan ƙunshi kusan cokali 9. In an haɗa da shayin safe mai madara da kunu ko furar da aka zuba wa sukari, an wuce iyaka tun kafin la'asar. Dabarar Gazali tana aiki a nan ma: mai sa cokali huɗu a shayi ya koma uku na mako biyu, kana biyu, harshe zai saba.

Na uku shi ne tsarin kwano. A ba ganye da kayan lambu rabin wuri, irin su zogale da rama da alayyafo da yakuwa da kuɓewa da albasar da ƙasar Yawuri ta yi suna a kanta. Rubu'i na kifi ko wake. Rubu'i na tuwo ko shinkafa. Dawa da gero da ba a surfe su ƙwarai ba sun fi farar shinkafa da burodi da taliya daɗewa a ciki. Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, watau ƙaramin cokali guda, a tuna kuma ɗunƙulen ɗanɗano yawancinsa gishiri ne. Ladubban da Sunna ta koyar suna taimakawa: a zauna, a ambaci sunan Allah, a ci daga gabansa, a tauna da kyau, domin ƙoshi yakan ɗan jinkirta kafin mai ci ya ji shi.

Abin da aka rage kuma yana da masu shi. A gefen gidan da ake fama da teɓa akwai gidan da yaro ke fama da tamowa. Muslimu ya ruwaito daga Jabiru cewa abincin mutum ɗaya yana isar biyu, na biyu yana isar huɗu. Malmalar da mai gida ya ɗage wa hannu, in ta shiga ƙoƙon almajiri ko gidan maƙwabci, ta zama lafiya a duniya da lada a lahira.

Motsa Jiki

Muslimu ya ruwaito daga Abu Huraira cewa mumini mai ƙarfi ya fi alheri da soyuwa ga Allah bisa mumini mai rauni, ko da yake kowannensu yana da alheri. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa Annabi ya yi tseren gudu da Nana A'isha a wata tafiya ta tsere masa, bayan wani zamani da ta yi jiki suka sake, ya tsere mata, ya ce an yi ramuwa. Wannan ya isa hujja cewa motsa jiki ba ya rage girman dattijo, kuma ba a hana shi ga mace ba matuƙar an kiyaye sutura.

A jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, an so babba ya sami minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da aikin ƙarfafa tsoka na kwana biyu. Matsakaici shi ne wanda numfashi ke ɗagawa, jiki ya yi ɗumi, amma mutum yana iya magana. Ibnul Ƙayyimi ma ya siffanta matsakaicin motsa jiki da wanda jiki ke fara damshi, ya ce lokacinsa shi ne bayan abinci ya narke.

Mafi sauƙin hanya ita ce tafiyar masallaci. Banu Salima sun so su taso su dawo kusa da masallacin Madina, Annabi ya umarce su da su zauna a gidajensu domin ana rubuta musu sawunsu, kamar yadda Muslimu ya ruwaito. Wanda masallacinsa ke da nisan minti biyar da sauri, in ya taka zuwa da dawowa sau biyar ya sami minti 50 a yini. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti goma bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, ya riƙa ƙara biyar kowane mako. Noma da tuƙin kwalekwale, wanda har yau ake gasarsa a bikin Rigata na Yawuri, da daka da shara da ɗiban ruwa duk suna cikin lissafi. Mai son iyo ya sani ana ɗaukar tsargiya a ruwan gaɓa mai ciyayi, ya nemi magani in ya ga jini a fitsari.

Azumi Da Gargaɗi

Azumin Litinin da Alhamis da na kwana uku a kowane wata Sunna ne, yana kuma koya wa ciki haƙuri. Sai dai niyyarsa ta zama domin Allah, ragin nauyi ya biyo baya. Annabi ya hana sahabbansa saje azumi, watau haɗa yini biyu ba buɗa-baki, ya kwaɗaitar da yin sahur. Wanda ya yini da azumi ya kuma rama da ƙosai da soyayyar doya da zoɓo mai sukari har isha, zai fita Ramadan da nauyin da ya fi wanda ya shiga da shi.

Akwai waɗanda bai kamata su fara komai ba sai sun ga likita: mai ciwon sukari da ke shan magani ko yin allura, domin sukarinsa yana iya faɗuwa ya suma; mai ciwon zuciya ko ƙoda; mai ciki da mai shayarwa; da yaro da bai gama girma ba. Wanda ya ga yana ramewa ba da niyya ba, musamman in da ƙishirwa da yawan fitsari ko tari mai daɗewa, kada ya yi murna, ya tafi asibiti a auna shi. Shayin rage teɓa da jiƙe-jiƙen da ake talla a kasuwa da mota mai lasifika kuwa, da yawansu gudawa da fitsari suke sawa, ruwan jiki ne ke fita, kitsen yana nan, ƙoda kuma ta sha wuya.

Mai wannan niyya ya auna kansa sau ɗaya a mako, rana guda, lokaci guda. In ya yi mako bai ga ragi ba, ko biki ya ja shi ya cika ciki, kada ya yanke ƙauna ya watsar, washegari ya koma kan tsarinsa, kamar yadda wanda ya makara sallar asuba yake tashi ya rama.

Allah ya ba Musulmi lafiyar bauta masa, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa albarka a cikin abin da ake ci da sha. Amin. Allah ne mafi sani.